Mako na shida da matse ganye: abin da na koya daga Gustav Mann

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon busar da tsirrai. A makon nan na buɗe matsata, wato faifan katako biyu da bulo uku a kai, na tarar da tafasa da tsamiya sun bushe tas, launinsu bai gushe ba. Ganyen rama kuwa ya yi funfuna, baƙi-baƙi har jikin jarida. Laifina ne, kwana huɗu ban canja takarda ba alhali muna tsakiyar damina. Yanzu kullum da safe nake sauya jaridar, in shanya mai laimar a rana.

Abin da ya fi damuna ba funfunar ba ce. Akwai reshe biyu da suka fito da kyau, amma ban rubuta inda na tsinko su ba, na kuma manta. Wannan ne ya mayar da ni kan tarihin Gustav Mann, Bajamushen da aka haifa a 1836, wanda ya yi aiki a Kew, babban lambun nazarin tsirrai na Ingila. A 1859 aka turo shi ya maye gurbin Charles Barter, mai tattara tsirrai da ya rasu, a tawagar binciken Kogin Kwara da William Baikie ke jagoranta. Mann bai samu haɗuwa da tawagar ba, sai ya yada zango a tsibirin Fernando Po, Bioko ta yau, ya dinga tattara ganye da furanni yana aikawa Landan. A ƙarshen 1861 ya hau Dutsen Kamaru tare da Richard Burton, Baturen Ingila mai yawon bincike, kuma har gobe akwai wani marmaro a can da ake kira da sunan Mann.

Ku dubi amfanin rubutu. Saboda an san wurin da aka cire kowane tsiro da tsayin wurin, Joseph Hooker, masanin tsirrai na Kew, ya iya nuna cewa tsirran saman Dutsen Kamaru suna da dangantaka da na tsaunukan Habasha, duk da nisan da ke tsakani. Da ganye kawai aka aika babu bayani, da wannan bai fito ba. Kuma Mann ya busar da su ne a wurin da ruwa ke zuba kamar da bakin ƙwarya, laimar da ta ninka tamu.

Wani irin agushi mai farin ƙwaya ma sunansa yake ɗauke da shi, Cucumeropsis mannii. Daga 1863 ya koma aikin gandun daji a Indiya, ya rasu a 1916.

Don haka na sayi ƙaramin littafi da fensir, domin biro yana narkewa in ya jiƙe. Kafin in yanki reshe sai na rubuta rana, unguwa, irin ƙasar, launin fure tun yana ɗanye, da sunansa na Hausa. Na ba kowane lamba, tafasa ce ta 1.

Mako mai zuwa zan gwada ganyen kuka da furen zogale, in Allah ya yarda. Wanda ya san dabarar hana furen zogale yin baƙi a cikin matsa, don Allah ya taimaka mini da ita.