Zuwa ga masu tambayata me ya kai ni siyasa

Assalamu alaikum 'yan gida, ina gaida kowa, Kawu da su Inna da 'yan majalisarmu ta bakin masallaci. Tunda hoton nan nawa ya fita ina riƙe da jakar takardun kamfe a nan Leeds ban huta ba, kowa tambaya ɗaya, wai kai da ko a ɗaurin aure aka ce ka yi addu'a sai ka fara gumi, me ya haɗa ka da siyasa? Yaya ma cewa ya yi ko sanyin Ingila ne ya buɗe min baki. To bari in amsa gaba ɗaya, in akwai sauran wuri in taɓa zancen kuɗin haya da na biza da na yi alkawari.

Baki dai bai buɗe ba, ina nan yadda kuka san ni. Abin da ya faru shi ne na gano ɗan Najeriya da ke zaune a nan da izini yana da ikon kaɗa ƙuri'a saboda muna cikin ƙungiyar Commonwealth, na yi rajista ta intanet cikin 'yan mintuna, sai kuma wata dattijuwa maƙwabciyata ta ja ni ofishin jam'iyyarsu gab da zaɓen kansiloli na watan Mayun 2024. Na shiga gabana na faɗuwa ina zaton za a ce tashi ka gabatar da kanka. Ba wanda ya ce min komai, shayi aka miƙo min da tulin ambulan, muka zauna mu shida muna ninke takarda muna cusawa kusan awa biyu, rediyo ne kawai ke magana. Wallahi ban taɓa jin daɗin taron siyasa irin wannan ba.

Daga nan aka ba ni aikin rabo gida-gida, kuma a nan ne na sha wuya. Ƙofofinsu suna da wata 'yar kafa ta jefa wasiƙa, da murfin ƙarfe mai sifirin, ciki kuma an sa wani gashi kamar buroshi don kare iska, to ka tura takarda da yatsun da sanyin Maris ya riga ya kashe, murfin ya dawo ya datse ka, wata kafar kuma can ƙasa take daf da daɓe sai ka durƙusa kamar mai gaida sarki, ga ruwa na zuba a ƙeyarka. Sannan karnuka. Akwai wani gida da kare ke laɓewa shiru, sai takarda ta leƙa ya fizge, saura ƙiris ya haɗa da yatsana. Dattijuwar nan ta yi dariya ta ba ni cokalin katako na girki, ta ce da shi tsofaffin hannu ke turawa. Har yau yana cikin jakata. Amma duk wahalar nan gida ɗari biyu zan zaga ban ce wa kowa uffan ba, in an buɗe ƙofa ma murmushi ne da ɗaga hannu. Masu ƙwanƙwasa ƙofa su yi ta surutu daban suke, ni idan sun dawo da takardunsu nake zama in shigar da amsoshin a kwamfuta. Haka muka yi har babban zaɓen 4 ga Yuli.

Shi ya sa abin ke damuna idan na tuna gida, mun ɗauka siyasa ta mai makogwaro ce, sojojin baka a rediyo, masu kirari, yaran da ake lodawa a mota. Mai kunya sai ya ce ba ruwansa, alhali aikin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne babu mai yi. A zaɓen 2023 rumfunan zaɓe sun haura 176,000, kowace da takardar sakamakonta EC8A da ake ɗorawa a shafin IReV na INEC. Zama da waya a kwatanta abin da aka ƙirga a rumfar unguwa da abin da aka ɗora ba ya buƙatar lasifika. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ka rubuta wa ma'aikatar tarayya ka tambayi nawa aka ware wa aiki kaza, doka ta ba su kwana 7 su amsa. Na san sau da yawa ba sa amsawa, amma kwafin da aka buga wa hatimin karɓa yana hannunka, kuma mai bakin unguwa in zai shiga rediyo da shi zai yi magana. Ko irin aikin Tracka, shirin ƙungiyar BudgIT na bin diddigin ayyukan gwamnati, ka je ka ɗauki hoton rijiyar burtsatsen da aka ce an gina, ka rubuta kwanan wata, shi ke nan. Ƙanwata da ta iya lissafi tana zaune tana cewa ita ba 'yar siyasa ba ce, ke nake nufi.

Ban ce daidai muke da nan ba fa. A nan mafi munin abin da ya same ni kare ne, a gida ranar zaɓe wani lokacin sara da suka ne, don haka wanda zai tsaya a rumfa kada ya je shi kaɗai, in ya ga wuri ya fara ɗaukar zafi ya kama gabansa.

Kuɗin haya kuwa kada ma ku tambaya, rabin albashi ne, zancen biza sai wata wasiƙar don takardunsa sun fi na kamfe yawa. Kawu, a turo min yaji da kuka ta hannun mai zuwa, wanda nake da shi ya kusa ƙarewa.

Naku, daga Leeds.