Wasiƙa daga Ingila: Abin da ke sa girkin littafi yin lami

Assalamu alaikum, iyayena mata da 'yan'uwana na birnin Kano. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, na rubuto muku ne a kan wani koke da nake yawan ji daga bakin amare da ɗalibai, a nan Ingila da kuma can gida. Mace za ta ɗauki littafin girki, ta auna komai yadda aka rubuta, ba ta rage ko abu ɗaya ba, amma idan ta sauke tukunya sai abincin ya yi lami, daga nan kuma ta fara zargin hannunta.

Wanda ya rubuta littafi ya yi awonsa ne da kayan miyar garinsu. Tumatirin da muke samu a nan lokacin hunturu, yawancinsa daga Sifen ko Maroko ake kawo shi, ana tsinke shi tun bai gama nuna ba don ya jure tafiya, saboda haka ba za a haɗa shi da tumatirin rani na Kadawa da ake saukewa a kasuwar Yankaba ba. Haka abin yake ga kayan ƙamshi. Ƙamshin citta da kanumfari da masoro da kimba yana cikin maiƙonsu ne, kuma da zarar an niƙa su maiƙon nan yake fara tashi, shi ya sa cokali guda na garin da ya shekara a kwalba ba ya kama ƙafar rabin cokali na wanda aka daka yau. Ku da kuke da kasuwar Kurmi da ta Rimi a kusa, ku sayo su da ƙwayarsu, ku riƙa daka kaɗan kaɗan.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne lokacin da kowane abu yake shiga tukunya. Naman da aka tafasa da ruwa zalla ba zai ji gishiri daga baya ba, komai yawan abin da aka barbaɗa masa. Tun a tafashe ake sa masa gishiri da albasa da citta da tafarnuwa, romon kuma shi ne ginshiƙin miyar. Littafi zai ce a soya jajjage na minti 10, alhali wutar gawayi daban, ta gas daban, ta lantarki daban. Abin lura shi ne ruwan ya ƙone, gafin tumatir da tattasai ya fita, mai ya taso sama. Yawancin miyar da ake kuka da ita, gaggawar zuba ruwa ce ta kashe ta.

A nan ne nake da damuwa ta gaske, domin maganin da mutane suka fi rugawa gare shi shi ne ƙara dunƙule. A shekarar 1908 wani masanin Japan, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin da ke ba romo armashi a cikin wani ganyen teku, kuma daga bincikensa aka fara yin Ajinomoto, wanda muke kira farin magi. Irin wannan sinadarin yana samuwa a cikin daddawa idan aka dafa kalwa aka rufe ta ta ruɓa, tare da wani ƙamshi mai zurfi da babu dunƙulen da ke da shi. Shi kuwa dunƙule, babban kasonsa gishiri ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a rana ya kai giram 5, wato kimanin cokalin shayi guda. Ina jin ciwo idan na ji yarinya 'yar Kano tana ƙyamar daddawa saboda wari, ga kuma hawan jini ya zama ruwan dare a gidajenmu. Idan aka daka daddawa da albasa da barkono, aka sa ta tun a sanwa ta dahu sosai, warin yakan kwanta ya bar daɗin, ko a miyar kuka ko ta kuɓewa ko ta taushe.

Wani lokaci kuma gishiri ya ji, daddawa ta ji, amma abincin bai tashi ba. Ɗan tsami ne babu. 'Yar yakuwa a fate ko a miyar ganye, ko matsin lemun tsami a farfesun kifi bayan an sauke, yakan farfaɗo da ɗanɗano nan take. Don haka a yi hattara da kanwa, domin idan ta yi yawa wajen kashe tsamin tumatir takan tafi da daɗin gaba ɗaya.

Ga masu haɗa wa 'ya'yansu tsaraba zuwa nan, kada ku sa man shanu ko kilishi a kaya, domin dokar Birtaniya ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga Najeriya. Ku koya musu su sayi bota marar gishiri, su narkar da ita a ƙaramar wuta, su soya ta da albasa har ta yi ja, sannan su tace. Cokali guda a kan tuwo da miyar kuka ya wadatar.

Wassalam,
'Yar'uwarku a Ingila