Tsohuwar mitar wuta mai faifai: yadda muke gane ta, muke kuma ɗaura ta

A cikin ayyukan da ake kawo wa shagonmu nan Damagaram, babu wanda nake alfahari da shi kamar aikin tsohuwar mita mai faifai, irin wadda ake hangen faifanta yana juyawa ta cikin gilashi. Masu gidajen haya a Birni da Zongo da Sabon Gari, da masu jerin shaguna da ke shan wuta daga layi ɗaya, su ne suka fi neman ta, domin kowane ɗan haya ya san abin da ya sha, a huta da gardamar ƙarshen wata. Babbar mitar gida kuwa, wadda ke ɗauke da hatimin darma, ta kamfanin wutar lantarki na ƙasa, NIGELEC, ce, ba ma taɓa ta, kuma duk wanda ya zo mana da wannan buƙata muna ba shi haƙuri. Aikinmu yana farawa ne daga bayanta, a cikin gida.

Maigidan da ya koya mini sana'a, Allah ya jiƙansa, ba ya barin yaro ya ɗauki waya sai ya karanta masa allon da ke fuskar mita da babbar murya. A wannan ɗan allo ake samun sunan kamfani, ko Landis & Gyr na ƙasar Suwizalan, ko Compagnie des Compteurs na Faransa, ko Schlumberger, ko Siemens, sannan ƙarfin wutar da aka ƙera ta dominsa. Wutarmu volt 220 ce, hertz 50. Akwai tsofaffin mitoci na volt 110 ko 127 da ke shigowa cikin kayan gwanjo, waɗanda idan aka ba su wutarmu naɗin siririyar wayar da ke cikinsu zai ƙone, haka nan mitar Amurka ta hertz 60 za ta yi zafi, lissafinta kuma ba abin dogaro ba ne. Idan aka ga 10(30) A, ma'anarsa an daidaita ta a kan ampa 10, amma tana iya ɗaukar har 30, don haka ba za a ɗora mata injin walda da firiji biyu ba sannan a zo ana zargin mita.

Cikinta ba shi da yawan tarkace, kuma wannan ne sirrin daɗewarta. Akwai naɗi biyu na jan ƙarfe: ɗaya na siririyar waya mai zagaye da yawa wanda ke auna ƙarfin wuta, ɗayan na waya mai kauri, zagaye kaɗan, wanda duk wutar da ɗaki ke ja take bi ta cikinsa. Su biyun ne ke tura faifan alminiyom ba tare da sun taɓa shi ba, maganaɗisu kuma yana riƙe shi don kada ya yi gudun da ya wuce abin da ake sha, sannan sandar faifan ta juya haƙoran da ke canza lambobi. Tun 1889 Ottó Bláthy ya fito da irin wannan mita a kamfanin Ganz na Budapest, kuma tsarin bai canza sosai ba har aka shiga zamanin mitoci masu kati.

Inda ake gane gwani shi ne a ramukan waya huɗu da ke ƙasa. Ba duk mitoci ne ke jera su iri ɗaya ba. A tsarin Faransa da Ingila, waya mai wuta tana shiga ramin farko ta fita ta na huɗu, wayar komawa kuma ta shiga na biyu ta fita ta na uku. A tsarin Jamus kuwa, biyun farko na waya mai wuta ne, shiga da fita, biyun ƙarshe na wayar komawa. Wanda ya ɗauki mitar Jamus ya ɗaura ta da tsarin Faransa ya haɗa waya mai wuta da ta komawa kai tsaye ta cikin naɗi mai kauri, kuma da an kunna sai tartsatsi da ƙauri. Galibi akwai zanen haɗin a bayan murfin ramukan, amma murfin shi ne abu na farko da ke ɓata a hannun ƴan gwanjo, shi ya sa muke bin ramukan biyu-biyu da na'urar awo kafin wuta ta kusanci mitar: tsakanin shiga da fita awon yana kusa da sifili, tsakanin waya mai wuta da ta komawa kuma siririn naɗin yana nuna ɗaruruwan om ko fiye.

Abin da ke ci mini rai shi ne yaran da suka riƙe testa na wata biyu suka fara kiran kansu masu gyara. Su ɗaura mita a karkace, alhali faifan ba ya juyawa daidai sai tana tsaye cak a bango, su bar sukurori sako-sako har ramin ya yi baƙi don zafi, ko su juya shiga da fita faifan ya riƙa komawa baya. Sai mai gida ya zo yana cewa, "Malam, wancan yaron rabin kuɗinka ya karɓa." Nakan ce masa, "Alhaji, ga shi yanzu za ka biya sau biyu, har da kuɗin mitar da ta ƙone." Masu sayar da ita ma wasunsu fenti kawai suke shafa wa akwatin, ciki kuwa ƙurar hunturu ta cika gindin sandar, faifan yana tafiya da ƙyar.

Babu mitar da ke barin teburinmu ba a gwada ta da agogo ba. Idan allon ya ce juyi 600 ne kilowat-awa ɗaya, to kayan da ke jan wat 1000 dole su juya faifan sau 10 a minti ɗaya, wato daƙiƙa 6 kowane juyi, ana ƙirgawa da baƙin tabon da ke gefensa. Mitocin Faransa da yawa suna rubuta abin ta wata fuska, misali wat-awa 2 a kowane juyi, wanda ya zama juyi 500. Ba ma dogara da abin da aka rubuta a jikin dutsen guga, domin idan wuta ta yi ƙasa, kamar yadda takan yi a watannin zafi, ba zai ja wat ɗinsa cikakke ba, don haka muna auna volt da ampa a daidai lokacin gwajin. Daga nan sai mu kashe komai mu zuba wa faifan ido: idan ya ci gaba da zagayawa babu kaya a kansa, ɗan haya ne zai biya wutar da bai sha ba, kuma irin wannan mita sai an sake daidaita ta, ko mu mayar wa mai ita.

Wadda ta ci gwaji muna kafa ta a kan katako busasshe, a inuwa, inda ruwan damina ba ya bugawa, da fiyus ko makashin wuta daidai da ƙarfinta, sannan mu rubuta lambar da ta fara da ita a gaban mai gida da ɗan hayarsa, kowa ya riƙe takardarsa.