Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar da Gawayi Ya Ɓace

A makon jiya na tsaya a kan tarewata a Injamena. Ban cika shekara a ɗakina ba gwamnatin Chadi ta hana sayar da gawayi, a farkon 2009, domin a rage saran itatuwa, alhali da shi akasarin gidajen birnin suke girki. Kalanzir da gas sun fi ƙarfin aljihunmu, saboda haka muka koma ƙona ƙodagon goriba da busasshen kashin shanu, hayaƙin kuwa ba ya barin ido ya buɗe.

Da abin ya tsananta, maigidana ya kai ni wajen mahaifiyarsa a wani ƙauye da ke bayan Kusiri, ta ɓangaren Kamaru, kuma a can wata maƙwabciya ta koya mini ginin murhun laka. Ana kwaɓa ƙasar suri da kashin jaki da ƙaiƙayi, a rufe kwaɓin ya yi kamar mako guda yana ruɓewa, sannan a girka duwatsu uku, a ɗora tukunyar da za a riƙa amfani da ita, a zagaye ta da laka har kusa da wuyanta. Tsakanin tukunya da bangon ana barin tazarar yatsa domin hayaƙi ya sami hanya, a kuma yanka ƙofa guda ta sa itace. Dabarar ke nan: murhun gargajiya iska ke kwashe zafinsa ta kowane gefe, wannan kuwa yana tsare wutar a gindin tukunya, har karan dawa kaɗan ya nunar da tuwo. Na farkon da na gina ya tsage, domin na yi gaggawar hura wuta bai gama bushewa ba.

Surukata ta yaba da ragin itacen har lokacin da hunturu ya shigo. Wata asuba ta zauna kusa da murhun, ta miƙa hannuwa, ta ce, "Amarya, wannan abin naki rowar wuta gare shi."

Na ce, "Inna, ai rowar ce amfaninsa."

A ganina tana da gaskiya, domin an yi shi ne saboda tukunya, ba a yi lissafin tsohuwa mai jin sanyi ba. Daga ranar na riƙa kwashe garwashin a kasko ina kai mata ɗaki, ina barin ƙofa a ɗan buɗe saboda iskar garwashi tana kisa a rufaffen ɗaki.

Mako mai zuwa zan kawo labarin komawata Injamena da cikin fari.