Minti Guda a Gefen Gadon Mai Ciwon Zuciya

A shekarun da na yi ina aikin jinya a nan Kaduna, babu abin da na fi nanata wa ɗalibai kamar ƙirga bugun zuciyar majiyyaci na cikakken minti guda. Zuciyar baligi mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti idan yana hutawa, amma idan bugun ya rikice, yana sauri yana tsallake, to ƙirga na daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu yaudarar kai ne kawai.

Wannan ya fi muhimmanci ga mai shan digoksin, wani maganin ciwon zuciya. Kafin a ba shi ƙwayar, sai an saurari ƙirjinsa, kuma idan bugun ya gaza 60, a dakata a sanar da likita. Da yawan masu shan sa suna haɗawa da Lasix, maganin da ke sa yawan fitsari, saboda kumburin ƙafa, shi kuwa yana zubar da sinadarin fotasiyam ta fitsari, kuma ƙarancinsa yana sa digoksin ya zama guba. Saboda haka tashin zuciya, ko ganin abubuwa sun yi rawaya, ba ƙaramin ƙorafi ba ne, ya kamata a yi gwajin ECG, wato na auna bugun zuciya da na'ura, da na jini.

Akwai kuma batun goro, wanda ke sa wasu faɗuwar gaba. Na taɓa tambayar wani dattijo daga Tudun Wada, "Baba, guda nawa kake ci a rana?" Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, ai ba a ƙirga goro." Daga ranar muka fara ƙirgawa tare da jikansa.