Baƙon Punjab da rafin Aboabo

Watan jiya 'yan da'awa suka sauka a masallacin unguwarmu a nan Aboabo da ke Kumasi, Ghana, suka yi kwana uku. Su shida ne, biyu daga Pakistan. Liman ya ɗora mini kai musu abinci, tunda shagon ɗinkina na kallon ƙofar masallaci. Ɗaya daga cikin baƙin dattijo ne mai jan gemu da ya sha lalle. Yana ɗan jin Larabci, ni ma ina da abin da na tsinta a makarantar dare. Da guntun Larabcin nan, da Turancin kasuwa, da nuni da hannu muka yi ta hira.

Ranar farko na kai koko da ƙosai, na ce, "Baba, daga wane gari?" Sai ya ɗaga yatsu biyar, ya nuna ledar fiya wata da ke gabansa. Na ɗauka ruwa leda biyar yake so, har na yunƙura zan aiki yaro. Ya riƙe mini hannun riga yana dariya. Ashe sunan yankinsu yake gaya mini: Punjab. Panj biyar, ab ruwa, kalmomin Farisanci ne da Urdu ta gada. Ya ƙirga su a yatsa: Jhelum, Chenab, Ravi, Beas, Sutlej, duk su haɗu su zuba a kogin Indus.

Sai dai yanzu suna ya fi ruwan auki. An raba Punjab gida biyu tsakanin Indiya da Pakistan a 1947, sannan a 1960 Nehru na Indiya da Ayub Khan na Pakistan suka sa hannu a Karachi kan rabon ruwa: Indiya ta ɗauki Ravi da Beas da Sutlej, Pakistan ta riƙe Indus da Jhelum da Chenab. Shi mutumin Lahore ne, Ravi ne kogin garinsu. Ya ce da rani in ka tsaya a kan gada, yashi za ka fi gani.

Abin da ya fi kama ni shi ne yadda kalma kan sauka ko ta hau in ta yi tafiya. Na ce masa nahar, ina nufin kogi, yadda muka sani a Alƙur'ani inda ake siffanta Aljanna da anhar masu gudana. Ya girgiza kai. A Urdu, nahar hanyar ruwa ce da mutum ya haƙa don ban ruwan gona. Kogi darya suke cewa. Darya ɗin kuwa a Farisanci teku ce. Wato tekun Farisawa ta zama kogi a bakinsu, kogin Larabawa ya zama magudanar gona. Shi ya sa za ka ji Amu Darya da Sir Darya, waɗanda littattafan Larabci ke kira Jaihun da Saihun. Ƙasar da ke hayin Jaihun ita ce Ma wara'an Nahar, abin da ke bayan kogi, inda Bukhara take, garin Imamu Bukhari. Shekara nawa ina jin malamai na ambaton wurin a karatu, ban taɓa kawo ruwa a raina ba.

Indus kuwa Darya-e-Sindh suke kiransa. Sindh daga Sindhu ne, kalmar Sanskirit, tsohon harshen Indiya, mai ma'anar kogi. Kogin Kogi ke nan, in za a faɗi gaskiya. Farisawa suka mai da harafin S ya koma H, aka sami Hindu. Girkawa suka yar da H ɗin, daga nan Indiya ta samo sunanta. Ƙasa guda ta ci sunan kogin da yawancinsa a Pakistan yake gudana. Ban yi mamaki sosai ba, domin Zabarmawan da muke zaune da su Isa suke ce wa Kwara, isa kuma kogi ne kawai a harshensu. Wanda ke kwana a bakin ruwa bai cika wahalar da kansa wajen raɗin suna ba.

Mun ɗan ja a kan Nilu. Darya-e-Nil ne a wurinsu, nil kuma a Urdu baba ce, wadda ake rini da ita, nila shi ne shuɗi. Dattijo ya tsaya kai da fata cewa saboda launin ruwan ne, har ya taɓa wata shadda mai shuni da ke rataye a kafaɗata. Ni dai ban yarda ba, sunan daga Neilos na Girkawa ya gangaro, kamar ta zo ɗaya ne kawai. Amma baƙo ne kuma ya haife ni, sai na ce, "Allah Ya ƙara sani, Baba." A kan Furat ba mu yi musu ba, dukanmu mun san ayar da ta kira ruwan daɗi da furat. Wani babban kogin Sin kuwa fassara shi suka yi kai tsaye, Darya-e-Zard, rawayan kogi.

Da ya tambayi namu na Ghana, 'yata da ta zo karɓar kwano ta riga ni baki. Ta ce Volta kalmar Fotugis ce, ma'anarta lanƙwasa ko juyawa. Asantawa Firaw suke ce masa. Kakana ya sha haye shi a Yeji da huhun goro tun ba a gama madatsar Akosombo a 1965 ba, kuma ban taɓa jin an ce ya kira shi da wani suna ban da kogi. Maƙwabtanmu ma sun tuɓe sunan Volta daga ƙasarsu a 1984, suka koma Burkina Faso.

Ranar da za su tashi na raka su tashar trotro, na ɗaukar masa jaka. Muka hau gadar rafin Aboabo, wanda mahaifiyata ke cewa a ciki suke wanki suna 'yan mata. Ruwan baƙi ƙirin, ledoji sun cika shi, ɗoyi ya sa ya ja rawani ya rufe hanci. Ya leƙa ya ce, "Nahar?"

Na ce, "A'a, Baba. Ba mutum ne ya haƙa ba. Darya ne, ƙarami."

Ya sake leƙawa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Nala." Abokin tafiyarsa ne ya fassara mini a bakin mota: kwata.