Idan Gwaji Ya Fito Lafiya Amma Yaro Ya Kasa Tafiya

Ina rubuta wannan ne domin ƙannena da suka fara tara iyali a nan Makka da Jidda, saboda akwai wata larura da take kama yara, musamman waɗanda suka doshi balaga, wadda yawancinmu ba ma jin labarinta sai ta shigo mana gida. Likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi suna kiranta Functional Neurological Disorder da Turanci, ko FND a taƙaice. A wannan larura ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ba su lalace ba, amma saƙon da yake kai da komo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi ya rikice, kamar doki mai ƙoshin lafiya da linzaminsa bai tsinke ba, amma umarnin mahayi ya daina isa gare shi. Yaro yana iya wayar gari ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa, ko hannunsa ya riƙa karkarwa, ko muryarsa ta ɗauke, ko ya riƙa faɗuwa yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, sannan a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, a auna jini, komai ya fito ƙalau.

Abu mafi muni da na yi wa ɗiyata, wadda ƙafarta ta hagu ta daina aiki bayan wani zazzaɓi tana da shekara 12, shi ne na ƙaryata ta. Wata rana da dare na leƙa ɗakinsu na ga ta juya cikin barci ta naɗe wannan ƙafar da ake cewa ta mutu, sai na yanke a raina cewa lambo take yi don gudun makaranta, kuma da gari ya waye na faɗa mata haka a gaban ƙannenta. Likitar da muka samu daga baya ita ce ta warware mini wannan ƙulli, kuma ba da dogon bayani ba. Ta kwantar da yarinyar, ta sa tafin hannuna a ƙarƙashin diddigen ƙafar da ba ta aiki, ta ce mata ta danna ƙasa, ban ji komai ba sai ɗan motsi. Daga nan ta ce ta ɗaga lafiyayyar ƙafar sama, likitar kuma ta tare ƙafar da hannu, sai na ji diddigen da na ɗauka matacce yana matse mini hannu da ƙarfinsa. Wannan gwaji yana ɗauke da sunan wani likitan Amurka, Charles Hoover, wanda ya bayyana shi a 1908, kuma abin da yake nunawa shi ne motsin da jiki yake yi da kansa yana nan daram, motsin da mutum ya yi niyya ya mayar da hankali a kansa shi ne ya toshe. Ke nan abin da na riƙe a matsayin shaidar ƙarya shi ne alamar ciwon, kuma shi ne dalilin sa ran warkewa, tunda hanyar ba ta yanke ba. Yarinyar ta daɗe ba ta sake gaya mini inda yake mata ciwo ba, sai dai ta gaya wa mahaifiyarta.

Kada kuma ku tsare yaro da tambayoyi kuna neman wani sirri da yake ɓoyewa. Tun zamanin likitan jijiyoyi Charcot a birnin Faris a ƙarni na 19, da masanin halayyar ɗan Adam Freud bayansa, an daɗe ana ɗauka cewa dole sai an sami wata damuwa da ta juye ta zama ciwon jiki, amma a 2013 ƙungiyar likitocin tabin hankali ta Amurka ta cire wannan sharaɗi daga ƙa'idojinta, ta mayar da hankali ga alamomin da likita yake gani a jikin mara lafiya. Gaskiya ne wasu yaran suna ɗauke da nauyi a zuci, kamar tsangwama a makaranta, ko fargabar jarrabawa, ko rigimar iyaye, ko zullumin iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, da suke jin manya suna tattaunawa da dare, amma wasu larurar takan biyo bayan zazzaɓi ko faɗuwa ko suma, wasu kuma ba a gano komai. Ku tambaya cikin lalama, ku nuna masa cewa kuna sauraro duk lokacin da ya so magana, sauran ku bar wa masanin halayyar yara.

Batun da ya fi wuya a cikinmu shi ne faɗuwa, domin da zarar yarinya ta zube tana jijjiga, maƙwabta sun riga sun ce iska ce ko kambun baka tun likita bai gan ta ba. Ban hana kowa addu'a ba, kuma ni ma na yi mata tofi na ba ta Zamzam, hakan kuwa ya kwantar mana da hankali. Abin da nake nadama shi ne barin ɗaki ya cika da mutane, wannan yana yayyafa ruwa, wancan yana danne mata hannu, wani yana daka tsawa yana tambayar wanda yake jikinta, alhali tsoro da hayaniya suna ƙara wa abin tsawo da yawan dawowa. Duk mai ruƙiyyar da ya ɗauko bulala ko ya kai hannu wuyan yaro, ku fitar da shi daga gidanku ba tare da jin nauyinsa ba. Idan faɗuwar ta zo, a kawar da abin da zai ji wa yaro rauni, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, mutum ɗaya ya zauna kusa da shi yana magana a hankali, wani kuma ya ɗauki bidiyo da waya domin likita. A irin wannan faɗuwa sau da yawa idanu a rufe suke kuma takan daɗe, a farfaɗiya kuwa idanu sukan kasance a buɗe kuma takan wuce cikin 'yan mintuna, amma wannan ba hukuncin uba ba ne, domin akwai yaran da suke da duka biyun, kuma gwajin EEG, wato na auna aikin lantarkin ƙwaƙwalwa, da ake haɗawa da bidiyo shi ne yake rarrabewa. Maganin farfaɗiya ba ya warkar da faɗuwar FND. Idan karon farko ne, ko yaro ya ji rauni, ko numfashinsa ya sarƙe, ko abin ya wuce minti 5 ba a riga an tantance ciwon ba, a kira motar asibiti a 997.

Na kuma zubar da riyaloli masu yawa wajen maimaita hotuna daga wannan asibiti zuwa wancan, ina jiran ranar da za a nuna mini wani tabo a ƙwaƙwalwa, lokacin da ya kamata a ce an fara gashin ƙafa da motsa jiki. Na saya mata keken guragu, na cire ta daga makaranta, aka riƙa kai mata abinci har gado, duk da sunan tausayi, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara zaunar da ita. Mai koyar da motsa jikin da ya karɓe ta ya bi ta wata hanya dabam: yakan sa ta taka da baya, ko ta cafe ƙwallo tana tsaye, ko ta riƙa karanta wata sura da ta haddace tana tafiya, domin hankalinta ya bar kan ƙafar, jiki ya koma yin aikinsa da kansa. Makaranta kuma ta koma da kaɗan da kaɗan, bayan mun kai wa shugabar takardar likita da ta bayyana abin da malamai za su yi idan ta faɗi, maimakon a kira mu mu ɗauke ta kowane lokaci.

Yara sun fi manya saurin warkewa daga wannan larura, musamman idan an gano ta da wuri kuma iyaye sun yarda da bayanin likita. Takan ɗan dawo a lokacin jarrabawa ko bayan wata rashin lafiya, kuma idan hakan ta faru sai a koma ga atisayen da aka koya ba tare da tayar da hankalin gida ba. Amma idan wata sabuwar alama ta ɓullo wadda ba ta yi kama da na baya ba, kamar zazzaɓi mai zafi, ko ciwon kai mai tsanani da amai, a mayar da yaro wurin likita a duba shi daga farko, domin mai FND yana kamuwa da sauran cututtuka kamar kowane yaro.